Fijo 504, Datsun 240Z, Marsandi ko Beetle: wacce ta fi dacewa a mayar motar tseren da a Sakkwato?

Duk wanda ya ƙuduri aniyar ɗaukar tsohuwar mota ya mayar da ita kamar waɗanda suka yi tseren daji a shekarun 1970, tun daga launi da jerin fitilu har zuwa injin da zai jure gudu na gaske, tambayar farko da za ta sha masa kai ita ce wace mota zai saya. A nan kuskure ya fi tsada, domin duk kuɗin da zai biyo baya a jikinta za a zuba shi, kuma ba a kwashe walda da fenti a kai wa wata motar. Huɗu na ga sun cancanci a ɗora a sikeli ga mazaunin Sakkwato: Peugeot 504, Datsun 240Z, Marsandi 450 SLC ko 'yar uwarta 280E, sai Volkswagen Beetle. Ba zan ɓoye ra'ayina ba, ga akasarin mutane Fijo ce amsa. Sai dai buƙata ba ɗaya ba ce, aljihu ma haka, kuma akwai dalilan da za su sa wani ya bi wata hanya bai yi wauta ba.

A share abu biyu tun yanzu. Kwafi za ka gina. Ainihin motocin da suka ci tsere suna gidajen tarihin kamfanoninsu ko hannun attajirai masu tara motoci, naka shi ne ka samo irinta ta titi ka tayar da ita a kan tsarin waccan. Sannan ba mu da filin tsere mai kwalta a Sakkwato. Abin da muke da shi burji ne da jigawa da gefen fadama, kuma tseren motan da mutanen yankin nan suka sani shi ne wanda aka riƙa haɗawa da bikin kamun kifi na Argungu. Don haka motar da za a kwaikwaya ita ce ta rali, mai tsayin ƙafa da fitilu huɗu a goshi, ba mai jan ciki a ƙasa irin ta filayen Turai ba.

Ma'aunan da za a bi

Na farko tarihi. Idan ƙirar motar ba ta taɓa shiga babban tsere ba, to babu abin da za ka kwafa, kwalliya kawai za ka yi. Duk huɗun nan sun tsallake wannan.

Na biyu lafiyar bodi, kuma shi ne ma'aunin da mutane suka fi rainawa. Injin da ya ƙwanƙwasa ana tayar da shi, giyar da ta lalace ana sauya ta, amma bodin da tsatsa ta cinye ƙasansa ba ya riƙe kejin ƙarfen da ke kare direba, ba ya riƙe ƙafafu a saiti. A nan Allah ya yi mana gata: damina 'yan watanni ce, daga Yuni zuwa Satumba, kuma babu iskar teku mai gishiri. Motar da ta yi rayuwarta a Sakkwato ko Gusau ko Birnin Kebbi takan fi ta Legas ko Fatakwal tsabtar ƙarfe nesa ba kusa ba. Ranarmu roba take ci da wayoyin wuta da dashbod da kujeru, waɗannan kuwa duk masu sauyuwa ne.

Na uku, wa zai gyara ta, kuma ina za a samo kayan? Motar da sai an jira kaya wata biyu daga Amurka saboda ƙaramin famfo ba motar tsere ba ce a nan, motar ajiya ce.

Na huɗu zafi da ƙura. Daga Maris zuwa Mayu ma'aunin zafi kan haura digiri 40, a hunturu kuma ƙura ce mai laushi da ke shiga ko'ina. Injin da aka ƙara wa ƙarfi yana ƙara fitar da zafi, don haka duk gyaran da ba a faro shi daga lagireto da matatar iska ba, an fara shi ta wutsiya.

Na biyar kuɗi. Farashin da aka gaya maka yau ba shi za ka tarar bayan Sallah ba, musamman tun da aka saki darajar naira a Yunin 2023. Ma'aunin da ya fi amfani shi ne kaso: nawa daga cikin aikin za a biya da naira, nawa sai da dala. Na ƙarshe haɗari, na jiki da na takardu.

Kuɗin da babu motar da za ta raba ka da shi

Kafin a shiga motocin ɗaya bayan ɗaya, akwai kashe kuɗin da yake kusan daidai ko wacce ka zaɓa, kuma shi ya raba motar tsere da motar da aka manna wa lamba a ƙofa. Babba a ciki kejin ƙarfe ne da ake ginawa cikin mota don ya kare direba idan ta wuntsila. Hukumar tseren motoci ta duniya, FIA, ta fayyace ƙarfen da za a yi shi da shi: bututu marar ɗinki, babban bakan da ke bayan kujeru mai faɗin milimita 45 da kaurin 2.5, ko 50 da kaurin 2.0, sauran sassan kuma 38 da 2.5 ko 40 da 2.0. Inda ƙafar keji ta taɓa bodi sai an shimfiɗa farantin ƙarfe mai kaurin aƙalla milimita 3, in ba haka ba ranar da mota ta kife bututun zai huda ƙasan ya wuce. Bututun ruwa ko na rumfar shago ba ya wannan aikin. Yana da ɗinki a tsawonsa, kuma ta nan yake tsagewa.

Muna da gwanayen masu walda a garin nan, amma akasarin aikinsu ƙofofi ne da tagogi da tankunan ruwa. Keji yana son injin lanƙwasa bututu wanda ba ya matse shi a kwana, da walda mai zagaye kowace mahaɗa har ta saman da hannu ba ya kai wa cikin sauƙi. Idan ba ka samu mai wannan kayan aiki a nan ba, ɗora bodin a babbar mota ka kai Kaduna ko Kano ya fi maka. Araha ba ta ado, a nan kuwa ba ado kaɗai za ta hana ka ba.

Sai kujerun tsere biyu, bel mai madauri huɗu ko shida, hular kwano, tukunyar kashe gobara, makunnin da ke yanke wutar mota gaba ɗaya, sabon tiyon mai da na birki, da faranti mai kauri a ƙarƙashin injin saboda duwatsu. Kujeru da bel da hula duk da dala ake sayensu, kuma masu tambarin FIA suna da wa'adi, na bel shekara biyar ne. A kula da masu sayar da na hannu da wa'adinsu ya wuce. Ba abin mamaki ba ne wannan jerin kaɗai ya zarce kuɗin da ka sayi tsohuwar Fijo ko Beetle ɗin kanta.

Peugeot 504

Tarihinta a Afirka ba ya buƙatar ƙari. An fito da ita a 1968, ta ci kambun motar shekara ta Turai a 1969, a 1975 kuma Ove Andersson ɗan Suwidin ya ci tseren Safari na Kenya da ita. A wannan shekarar Hannu Mikkola ya ci na Maroko, Bernard Consten ya ci na Bandama a Kwaddibuwa, duk da 504. A shekarar ce kuma kamfanin PAN ya fara harhaɗa ta a Kakuri, Kaduna, aka ci gaba har tsakiyar shekarun 2000. Ita ce motar ma'aikatu, ita ce ta haya a hanyar Sakkwato zuwa Kano da Kaduna shekara da shekaru. Wannan ya sa ita kaɗai a cikin huɗun za ka iya samu a unguwarku, ka duba ta da idonka, ka yi ciniki da naira.

Wacce za a nema? Salun, ba wagon ba, ba akori-kura ba. Kuma a leƙa ƙarƙashinta ta baya. Akwai mai aksil guda da birkin ganga, akwai kuma irin GL da TI waɗanda kowace ƙafar baya ke motsi ita kaɗai, da birkin faifai a duk ƙafafu huɗu. Wannan ta biyun ita ce tsarin motar da ta ci Safari, don haka in har kana son kwafi na gaskiya ita za ka jira ko da neman zai ɗauki lokaci. A guji wadda ta yi haya. Ta sha lodi fiye da kima, ta sha walda a kan walda, kuma da wuya ka samu shasinta a miƙe. Wadda wani tsohon ma'aikaci ya ajiye a inuwa tun da ya yi ritaya ta fi, ko da ba ta tashi.

Injinta mai lita 2 ne, silinda huɗu, ƙarfinsa bai cika doki 100 ba a mai kafireto. Abin da ya sa kanikawa ke sonsa shi ne bututun silindarsa zarewa ake yi, a sa sabo tare da fistin da ringi, ba sai an kai bulo an rarake shi ba. Ana samun waɗannan kayan a Ƙofar Ruwa a Kano, da Fanteka a Kaduna, da Ladipo a Legas, har a shagunan J. Allen a nan gida akan dace da wasu. Maƙwabtanmu na Ƙwanni da Maraɗi ma ba su rabu da Fijo ba. Matsalar ita ce jabu ya yi yawa, gaskit da biyarin musamman, don haka ka tafi da wanda ya san na asali a hannu. Abin da ya fara wuya shi ne gilashi da fitilun gaba da ƙarafan ado, da famfon injekta na Kugelfischer da ke kan TI. Wannan na ƙarshe ban ba kowa shawarar ya nace a kansa ba. Kafireto mai maƙogwaro biyu irin Weber, da gyaran tof silinda, da salansa mai faɗi, sun isa su farkar da injin ba tare da ka shiga neman wanda ya iya saita injekta ta 1970 ba.

Raunin injin a wajenmu ɗaya ne: tof silindarsa na alminiyam ne, idan ya yi zafi sau ɗaya mai tsanani yana iya lanƙwasa. A sake wa lagireto ciki mai layi uku, a zuba ruwan sanyaya injin na kanti maimakon ruwan rijiyar burtsatse da ke toshe hanyoyi da gishiri, kuma a hana bakanike cire tamostat kamar yadda aka saba. Cire shi ba ya maganin zafi, ɓoye ciwon yake yi.

Gaskiyar da mai son Fijo zai haɗiya ita ce, a kan kwalta mai santsi Camry ta zamani za ta bar ta a baya ba tare da wahala ba. Ƙarfin 504 a ƙafafunta yake. Sifirin ɗinta yana da doguwar tafiya, tana haɗiye rami da kunya-kunyar burji a gudun da wata motar sai ta rage. Da haka ta ci tsere, ba da fizga ba. Wani zai ce a sa mata injin Toyota a huta. Motar za ta yi gudu, amma ta tashi daga kwafin 1975. Ita kuwa mai ƙofa biyu da injin V6, wadda Jean-Pierre Nicolas ya ci Safari da ita a 1978, a manta da ita, ko a Faransa ba ta da yawa kuma kuɗinta na masu tara motoci ne.

Abu ɗaya da lokaci ke ci: ogannin da suka san Fijo ciki da waje suna tsufa, yaran gareji na yanzu kuwa a kan motoci masu kwamfuta suka koyi aiki. Idan ka samu dattijon da ya yarda ya karɓi aikin, ka girmama shi, ka biya shi da kyau, kada ka riƙa tsaya masa a ka da bidiyon intanet.

Datsun 240Z

A cikin huɗun ita ce motar wasanni ta ainihi: kujera biyu, dogon hanci, injin silinda shida a jere mai lita 2.4 da ƙarfin doki wajen 150, a jikin da bai wuce tan ɗaya da kaɗan ba. Ta fito a 1969. Edgar Herrmann ya ci Safari da ita a 1971, Shekhar Mehta ya maimaita a 1973, kuma jar motar nan mai baƙin bonet tana cikin hotunan rali da aka fi kwaikwayo a duniya. Idan zuciya ce za ta yi zaɓi, an gama magana. Ta fi Fijo gudu sosai, kuma har yau kamfanoni a Amurka da Japan da Ingila suna ƙera mata kusan komai sabo, daga ƙasan bodi har kejin da aka riga aka lanƙwasa daidai da ita.

To amma daga ina za ta zo? Akasarinsu Amurka aka sayar, can za ka nema, kuma mai lafiya kuɗinta dubban daloli ne masu yawa, ta fi ƙarfin a kira ta tsohuwar mota mai araha. Masu sauƙin kuɗin su ne waɗanda tsatsa ta ci, domin ƙarfen Z siriri ne, yana ruɓewa a ƙasan kujeru, da wajen zaman batir, da dogayen ƙarafan da ke riƙe injin. Sayen irin wannan ta hoto, daga nisan dubban kilomita, caca ce. Na Japan da Ingila sitiyarinsu a dama yake, mu kuwa tun Afrilun 1972 muka koma tuƙi a hannun dama, kuma dokar hanya ba ta yarda da mota mai sitiyari a dama ba. Sai batun kwastam: akwai iyakar shekarun motar da aka yarda a shigo da ita, mota mai shekara hamsin kuwa ta wuce ta da nisa. A Janairun 2017 kuma gwamnatin tarayya ta hana shigo da motoci ta iyakokin ƙasa, saboda haka duk wanda ya ce maka zai biyo da ita ta Illela cikin sauƙi, ka tambaye shi da wace takarda. Kada dala ɗaya ta fita sai ejan mai lasisi ya bayyana maka a rubuce yadda za ta fito daga tashar jirgin ruwa a Legas.

Game da zafi, injin yana da ƙarfin hali, amma kafiretocinsa biyu suna zaune ne a saman bututun hayaƙi, gefe ɗaya. A ranar Afrilu fetur kan tafasa a cikin tiyo, mota ta riƙa shaƙewa ko ta ƙi tashi bayan an kashe ta. Ana magance shi da farantin tare zafi da famfon mai na lantarki a kusa da tanki. Daidaita kafireto biyu su yi numfashi tare kuma aiki ne da ba kowane bakanike ya taɓa yi ba, ko da yake wanda ya yi zamani da Datsun Laurel ba zai ga injin baƙo ba, dangi ɗaya ne. Cikin motar matsattse ne, idan aka sa keji da hula, dogon mutum zai sha wuya.

Marsandi: 450 SLC ko 280E

Mutane da yawa ba su san Marsandi ta yi tseren daji ba. A 1979 motocin 450 SLC masu lita 5 suka kwashe matsayi na ɗaya zuwa na huɗu a Bandama, Mikkola a gaba, kuma da giyar otomatik. Björn Waldegård ya sake ci da 500 SLC a 1980. Kafin nan, a 1977, Andrew Cowan ya ci doguwar tafiyar Landan zuwa Sidni, kusan kilomita 30,000, da 280E, wato jikin W123 da muka sani sarai a titunanmu.

SLC mota ce mai kwarjini, injin V8, ƙarfe mai kauri. Akan ci karo da ita jefi-jefi a garejin manyan gidaje a Kano ko Kaduna ko Legas, ragowar zamanin kuɗin mai. Nauyinta ya haura tan ɗaya da rabi, kuma nauyi a tsere yana cin taya da birki da shokazoba, ga shan fetur da a farashin yau zai sa ka riƙa lissafi kafin kowace fita. Tsarin injektarta na Bosch ba ya haƙuri da datti ko tsohon mai, kuma motar da ta yi shekaru a ajiye kusan tabbas kan da ke raba mata fetur ya daskare. Robobin da ke riƙe sarƙar injin suna bushewa su karye, idan suka karye kuwa bawul da fistin ne za su gamu. Waɗannan kayan ana samunsu, amma daga Jamus, da kuɗin waje.

Ni a ganina mai son Marsandi ya fi dacewa ya bi W123. Bodinta yana samuwa a Arewa, kanikawan Marsandi sun san ta, kayan ƙafa ba sa wuya. Abin nema shi ne ainihin 280E mai silinda shida, domin akasarin na wajenmu 200 ne da 230, waɗanda ba su da ƙarfin ɗaukar wannan nauyin da gudu. Ba za ta ba ka zafin nama irin na Z ba, amma a doguwar hanya marar kyau tana cikin waɗanda suka fi isa gida lafiya.

Volkswagen Beetle

Kada a yi mata dariya. Ta ci Safari a 1954 da 1957 da 1962, kuma a farkon shekarun 1970 dillalin kamfanin a Salzburg ta Ostiriya ya yi tsere da 1302 S da 1303 S masu ruwan azurfa, har suka ci ralin tsibirin Elba a 1973. An harhaɗa ta a Legas daga 1975, an ci gaba da ƙera ta a Meziko har 2003, don haka sababbin kayanta suna nan birjik a kasuwar duniya kuma ba su da tsada. Injin a baya yake, a kan tayoyin da ke ja, shi ya sa take fita daga yashi inda wasu ke kafewa. Mutum biyu da jak suna sauke injin cikin ɗan lokaci.

Damuwata da ita a Sakkwato zafi ne. Ba ta da lagireto, iska da baƙin mai ke sanyaya ta, man kuma lita biyu da rabi ne kacal, babu matatar kirki sai raga. Idan iskar da ke shiga ta riga ta kai digiri 42, ga injin da aka ƙara wa ƙarfi, silinda ta uku ce ke fara ƙonewa. Dole a ƙara mata na'urar sanyaya mai ta waje da matata, a tabbatar duk gwangwanayen da ke kewaye injin da robobinsu suna nan, a riƙa saita bawul a kai a kai. Mai injin 1600, wato lita 1.6, ƙarfinta doki 50 ne, ba abin tsoro ba. Abin tsoron shi ne tsofaffin masu aksil mai lilo a baya, da kan naɗe ƙafa a kwana mai tsanani su kifar da mota, ga kuma tankin mai a gaban gwiwar direba. A nemi 1302 ko 1303 in da hali, su ba su da wannan aksil mai lilo.

| Ma'auni | 504 | 240Z | 450 SLC | 280E | Beetle |
|---|---|---|---|---|---|
| Samun motar | a gida | sai waje | da wuya | a Arewa, da nema | a cikin ƙasa |
| Kuɗin saye | kaɗan | mai yawa ƙwarai | mai yawa | matsakaici | kaɗan |
| Kason dala a aikin | kayan kariya kawai | kusan duka | fiye da rabi | matsakaici | matsakaici |
| Bakanike a Sakkwato | akwai | da wuya | da wuya | akwai | 'yan kaɗan |
| Jure zafi | da kyau, in an gyara lagireto | sai an tare zafi | da kyau | da kyau | rauninta ke nan |
| Jure burji | ƙwarai | da kyau | da kyau, amma nauyi | ƙwarai | da kyau |
| Gudu | matsakaici | sosai | sosai | da dama | kaɗan |
| Babban haɗari | kayan jabu | tsatsa da kwastam | injekta da tsadar kaya | samun 280 ta gaske | ƙonewar injin, kifewa |

Takardu da wurin gwaji

Ko wacce ka ɗauka, sauya launi ko injin yana nufin a gyara takardun mota su dace da abin da ke ƙasa, in ba haka ba kai da jami'an hanya ne a kowane shinge. Lambar shasi da ta injin a duba su tun ranar ciniki. Gwaji kuma ba a Titin Ahmadu Bello ko bayan ɗaurin aure ake yinsa ba. A nemi fili ko hanyar da babu jama'a da dabbobi, da sanin hakimi ko mai gari da jami'an tsaro, a kuma yi la'akari da cewa ba kowace hanyar daji ce ake bi yanzu ba, musamman ta gabashin jiha. Lokacin da ya fi dacewa a gwada sanyin injin shi ne tsakar rana a Afrilu. Motar da allurarta ta tsaya a tsakiya a wannan lokacin ta ci jarrabawa.

Wa ya dace da wacce

Mai albashi ko ɗan kasuwa matsakaici da ke son motar da zai tuƙa da gaske, ya lalata, a gyara cikin mako, ya koma: 504 salun. Kuɗin da ya rage masa ya zuba a keji da shokazoba masu kyau, fenti ya zo a ƙarshe.

Mai samun kuɗi da dala, ko mai ɗan'uwa amintacce a Amurka da zai je ya kwanta ƙarƙashin mota ya duba, kuma burinsa wata rana ya shiga irin tseren tsofaffin motoci da ake yi a Kenya tun 2003: 240Z. Shi ya fara karanta dokokin FIA na motocin tarihi kafin ya sayi ko ƙusa, domin a can kayan da ba na zamanin motar ba ne suna iya hana ta shiga, ya kuma tuntuɓi Automobile and Touring Club of Nigeria, wakiliyar hukumar a ƙasar nan, kan batun lasisin tsere.

Mai son doguwar tafiya cikin ayari, daga Sakkwato zuwa Argungu ko Abuja, da iyali a gefen hanya suna kallo, ba neman na ɗaya ba: 280E. SLC sai wanda ya riga ya mallake ta kuma ba ya jin zafin kuɗin fetur.

Matashin da ke son ya koyi aikin da hannunsa a tsakar gida, da kayan aiki kaɗan: Beetle, amma ya bar injin kusa da yadda kamfani ya yi shi, ya kuma riƙa fita da sassafe ko a watannin sanyi.

Wanda kuwa akwai tsohuwar Fijon mahaifinsa a ƙarƙashin dogonyaro a gidansu, tayoyi sun sace, kaji na kwana a ciki, ya riga kowa samun mota, wataƙila ma mai bodin da ya fi duk na kasuwa. Sai dai idan ta gado ce, ya zauna da 'yan'uwa a yi mata kuɗi a fitar wa kowa haƙƙinsa, a mayar da takardu sunansa, kafin mai walda ya taɓa ta. Da zarar an cire kujerun baya an dasa keji, ba ta komawa yadda Baba ya bar ta.